Kwalbar da Ba Ta Ƙarewa

Ranar sallar da ta wuce ina ɗaki ina jin ku, ke Safiya da ke Hindatu, kun tasa yayanku Manu a gaba kuna yi masa tsiya, wai mutum har da furfura a gemu ya kasa buɗe baki ya ce Mama, sai Malama, kamar wanda ya zo karɓar magani. Shi kuwa yana ta 'yar dariyar nan tasa da ba ta kai ciki. Ban fito ba, don na san bakina, in na fito zan faɗi abin da bai dace da ranar salla ba. Amma tun daga ranar abin ya hana ni sukuni. Na kuma san labarin da kuka ji a wajen dangin babanku: wai na je har ruga na ƙwace yaro daga cinyar kakarku, na ci mutuncinta a gaban jama'a saboda na yi boko. Rabin wannan gaskiya ne. Ɗaya rabin ne ba wanda ya gaya muku, kuma waɗanda suka san shi duk sun kwanta dama, saura ni.

Kun san ni 'yar Kalgo ce, gidanmu noman shinkafa da su, ba mu san komai a kan shanu ba sai nonon da ake kawo mana talla. Babanku Bello kuwa malamin firamare ne a Gwandu, danginsa suna zaune da garkensu a wajen Dodoru. Da na haifi ɗan fari aka sa masa sunan mahaifin Bello, wanda ya rasu tun kafin aurenmu, wato Usmanu, wanda kuke kira Manu. Kun ga bakina ya ɗauru sau biyu ke nan: ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a tambayar lafiyarsa, ga shi kuma sunan suruki. Da lokacin yaye ya yi Inna, uwar Bello, ta zo da kanta ta goya shi ta tafi. Kada ku ce an zalunce ni. Ba wanda ya yi mini dole, haka kowa yake yi, har ma alfahari nake a ce 'yar Kabawa ta fi 'ya'yan Fulani kunya. In ya zama dole in ambace shi sai in ce ɗan Inna. Ita kuwa Inna maigidana take ce masa, tana tauna masa nama, tana kwana da shi a ƙirjinta. Ban taɓa ganin mace ta so yaro kamar yadda ta so shi ba, kuma ina faɗar wannan ne ba don in wanke ta ba, don haka abin yake.

A lokacin ina aiki a ɗakin shan magani a Kalgo, ƙarƙashin wani dattijo, Malam Hassan. Yadda muka tarar ana aiki shi ne, duk yaron da aka kawo ba zai fita hannu sake ba. Mura ce, allurar fanisilin. Zawo ne, kwalbar magani. Haƙori ne yake fitowa, kwalba da allura, har da kafso a niƙa a zuba a kunu. A kasuwa ma ga kafso ja da yalo nan a faranti kusa da goro, makiyayi ya saya ya fasa ɗaya a idon maraƙi, ya fasa ɗaya a bakin ɗansa. Sai aka tura ni kwas Sakkwato, na dawo da kai cike da sabon karatu: mura ba ta son maganin kashe ƙwayar cuta, yawancin zawo ruwan gishiri da sukari yake so, maganin nan mai ƙarfi a ajiye shi don yaron da numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa ke lomawa ciki. In ana ba da shi ga kowane atishawa, ranar da ake buƙatarsa da gaske ba zai yi aiki ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma kun san ni in na yarda da abu. Sai na zama abin kwatance a garin. Wata mata daga ƙetaren gulbi ta taɓa kallona sama da ƙasa ta ce:

"Malama, tun da asuba ni taho, na ƙetare ruwa da ɗiya ga baya, ki ce in koma in dama gishiri? An hwaɗa miki gishiri ya ƙare gidana?"

Malam Hassan yana gefe yana murmushi. Bayan ta fita ya ce:

"Ɗiyata, ki riƙa ba su abin da sunka zo nema. In kin hana su nan, ga mai hwaranti can bakin kasuwa shina jiransu."

Ban ji ba. Suka sa mini suna mai rowar allura, sunan ya haye mota ya isa har rugar su Inna. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ƙyanda ta shigo da bazara ta bi gida gida. Bello yakan zo Kalgo ƙarshen mako. Wata Juma'a yana cin tuwo, bai ɗago kai ba, ya ce ɗan Inna ya yi baƙon dauro, ya tashi, amma tari ya maƙale masa. Shi ma fa ɗan farinsa ne, shi ma a kaikaice yake magana. Ya ce an kai shi wani ƙaramin asibiti a cikin Gwandu, an ba da kwalba mai gari a ciki, an haɗa da ruwa. Na sa ya kwatanta mini kwalbar, da launin maganin, da yawan cokalin da aka ce. Duk daidai. Da ni ce na duba shi abin da zan ba shi ke nan. Na ce a raina nan da mako guda kwalbar za ta ƙare, tarin ya tafi da ita. Zuwa kuwa ba zan iya ba, don me zan ce ya kawo ni? Mace ta bar aiki ta hau mota saboda ɗan farinta yana tari, ai an samu abin faɗa har kaka. Sai na zauna, amma zaman ƙaya. Duk yaron da aka ɗora mini a tebur na ɗaga rigarsa, ƙirjin wani nake gani. In dafa abinci in manta gishiri. In fita tsakar gida in dawo ban san abin da na je ɗauka ba. Juma'ar da ta zagayo Bello ya ce da sauƙi, yana shan maganinsa. Wadda ta biyo baya ma ya ce yana shan maganinsa. Na ce wane magani, an sake ba da wani? Ya ce a'a, wancan dai. Kwalbar nan kuwa ba ta da girman da za ta kai haka.

Allah ya kawo mini dalili: ƙanwar Bello, Jumma, ta haihu a gaban Inna, za a yi suna. Na hau mota ta Birnin Kebbi, na sauka Gwandu, na samu wata a-kori-kura da ta ajiye ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, shanu duk sun rame suna bin ɗanyen tsiro. Na iso da la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da yaron kwance a cinyarta. Na durƙusa daga nesa kamar yadda aka saba, idona a ƙasa, muna gaisawa, ina gajiya, ina shanu, ina mai jego. Bakina yana gaisuwa, kunnena yana wani wuri. Numfashinsa nake ji, gajere gajere, kowane da ɗan nishi a ƙarshensa. Na saci kallo sau ɗaya. Ba riga a jikinsa saboda zafi, na ga fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana shiga tana fita, hancinsa yana buɗewa. Da ɗan wata ne, da tuni na daka wa uwar tsawa na ce me ta zauna yi. Nawa ne, sai na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tashi na shiga ɗakin mai jego.

A can na ga kwalbar, an sa ta cikin ƙwarya a ragaya don kada yara su taɓa. Na sauko da ita. Cike take har wuya. Jumma ta ga ina juya ta, ta ce da murnarta:

"Adda, wagga kwalba albarka gare ta. Kullum Inna na ba shi sahe da marece, ta ba ɗiyan baffanmu da ka tari, har yau ba ta ƙare ba."

"Ƙaƙa ba ta ƙare ba?"

"Ai tana ƙara mata ruwa. Kuma ba kowane ruwa ba, sai ta tahwasa shi ta tace ga sabon ƙyalle."

Ku da kuka tashi a birni ba ku san jiƙo ba. Ana samo sassaƙe ko saiwa a zuba a tukunya da ruwa, a sha, in ruwan ya yi ƙasa a ƙara wani, a yi ta sha ana ƙarawa har sai ɗacin ya salance, sannan a ce magani ya gama aikinsa. Inna gwana ce a wannan, daga rugage ake zuwa wajenta. A saninta haka ake yi wa magani, kuma wanda ya bar tukunyar jiƙo ta bushe malalaci ne. Ba ta ji wani abu ba daidai ba, ba ta yi ganganci ba. Ta ga magani mai kyau ne ta kula da shi yadda ta iya. Na ɗiga a tafin hannuna na lasa. Maganin da na sani ja-ja ne mai kauri, wannan kuwa ruwa ne da ɗan tunanin zaƙi. Wato tun bayan kwanakin farko yaron nan ruwa yake sha, ciwon yana ta cin ƙirjinsa, kowa kuma hankalinsa kwance, ai yana shan magani.

Na samu Bello a bayan garke ana ɗaure maruƙa. Na gaya masa komai, na ce abin ya wuce maganin sha, sai allura safe da yamma, kuma a wurin da za a sa masa ido. Ya ci gaba da murza igiya.

"Ki bari a gama suna," in ji shi. "In yi ma Baffa magana, shi ya san yadda za shi hwaɗa ma Inna."

"Baffa ya yi kwana nawa shina neman yadda za shi hwaɗi?"

"To mi kike so in yi? In tahi in ce ma uwata ba ta iya riƙon ɗiya ba?"

"Mota guda ka wucewa nan zuwa Gwandu, da hantsi. In ta wuce sai wata gobe. Ka ji numhwashinai kuwa?"

Ya ce ya ji. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya don kada in gani. Babanku mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma a ranar na ji haushinsa kamar in shaƙe shi. Daga baya na gane igiyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi, tasa ma ta fi kauri.

Da safe aka raɗa suna, maza suka watse, mata suka cika tsakar gida, wasu na daka, wasu na dama fura. Ni ina tsugune ina wanke ƙore, na wanke ɗaya na sake wanke ta, ina kallon inuwa tana gajarta. Na shirya maganganu masu laushi iri iri a raina, in ce a ba ni aron ɗan Inna, in ce Malam Hassan ne ya aiko. Duk na san amsarsu: a bari a huce, a bari a ga gobe. Sai na ji yaron ya yi wani tari da ya ƙare da shiru, shirun ya yi tsawo kafin numfashin ya dawo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa matan nan a tsaye, ban durƙusa ba, na tsaya a kan Inna na ce:

"Inna, ki ba ni Usmanu."

Taɓarya ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi a hankali. Sunan ɗana na fari, sunan mijinta da ke kabari, a bakin suruka, a tsaye, ranar taro. Ni kaina ban taɓa furta shi ba ko ni kaɗai a ɗaki. Inna ta ɗago ta dube ni.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ki ba ni Usmanu. Abin da ke cikin kwalbar nan ruwa ne, ba magani ba. In ya ƙara kwana nan ba shi kai jibi."

"Ke da ka hana ɗiyan mutane allura, yau ke ka hwaɗa mani ban ba shi magani ba? Da hannuna nika tahwasa ruwan."

"Shi ne abin da ya kashe maganin, Inna."

Wannan kalmar ce ta yi ɓarnar, ba sunan ba. Na faɗe ta a gaban matan da suke zuwa wajenta neman jiƙo. Na ga fuskarta ta sauya. Ta dubi yaron, ta daɗe tana kallon ƙirjinsa, kuma na rantse muku a lokacin ta ga abin da na gani, don ba wawuya ba ce. Ya riƙe wuyan rigarta da hannu biyu. Ita da kanta ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta kwance majanyin da ke ƙugunta ta jefo mini.

"Kin kira shi. To ɗauki."

Saboda haka in an ce muku ƙwace shi na yi, ku ce a'a, miƙo shi aka yi. Amma in an ce na ci mutuncinta, kada ku yi musu.

Na goya shi, karo na farko tun yaye, jikinsa kamar garwashi a bayana. Ba wanda ya raka ni bakin hanya sai Bello, shi ma daga nesa yake bina. Duk tsawon tafiyar nan, a-kori-kura da motar Birnin Kebbi da ta Kalgo, in ya samu ƙarfin buɗe baki kalma ɗaya yake faɗa, Inna. Na yi tunanin tsayawa babban asibiti, amma na san layinsu, na kuma san abin da ke cikin kabad ɗinmu. Malam Hassan ya ɗaga rigar yaron ya duba, ya je ya tafasa sirinji. Sannan ya ce:

"Yau mai rowar allura ta zaka roƙon allura."

"Don irin wagga rana nika rowarta, Baba."

Shi ya yi masa ta farko. Sauran kuwa, da yake dattijon ba ya dawowa da yamma kuma hannunsa ya fara rawa, ni na yi su. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Yaro ɗan shekara uku, an raba shi da wadda ya sani uwa, an kawo shi garin da bai san kowa ba, ga wata mata mai farar riga da ke danne shi safe da yamma tana soka masa ƙarfe a cinya. In ya hango ni sai ya rarrafa ƙarƙashin gado. Kowa a wurin Malama yake ce mini, shi ma ya koya, kuma da kuka ya fara faɗar ta: Malama ki bari. Zazzaɓin ya sauka, numfashin ya daidaita, ya fara karɓar kunu, amma daga hannun maƙwabciyata, ba nawa ba.

Da ya warke sarai na saya wa Inna turmin atamfa da goro, na goya shi muka koma. A raina aro na ɗauka, zan mayar. Wannan karon na durƙusa har ƙasa. Yaron ya zame daga bayana ya ruga ya faɗa jikinta. Ta shafa kansa, ta duba idonsa, ta sa kunne a ƙirjinsa kamar yadda ta ga ana yi. Sannan ta miƙe ta kamo hannunsa ta kawo shi gabana.

"Ɗan da uwatai ta kira sunanai gaban mutane ya san mai shi. Ni hannuna ya tsuhwa, kar in sake ba shi ruwa."

Na yi kuka, na ba da haƙuri, Baffa ya sa baki, Bello ya sa baki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sauya ba. Ban sani ba ko fushi ne, ko tsoron kanta ta shiga, ko duka biyun. Har ta rasu ba ta sake barinsa ya kwana a ɗakinta ba. Man shanu dai bai taɓa yanke mana ba, duk wanda zai zo Kalgo sai ta ba shi ɗan ƙoƙo ya kawo wa maigidanta. Na ji kuma ta daina ba da jiƙo, mata suka yi ta zuwa tana cewa ta manta. Shi kuwa Manu ya yi wata da watanni in an nema shi an rasa, a tasha za a same shi yana kallon motocin Gwandu.

Daga wannan shekara aikina ya sauya. Rowar allurar tana nan, ban fasa ba. Amma in na ba da kwalba sai in tambayi wa zai riƙa bai wa yaron, in an ce kaka sai in ce a kawo mini ita, in zaunar da ita a kujerata, in ce Inna, wannan ba jiƙo ba ne, in ya ƙare ya ƙare, kuma na yaro ɗaya ne. A ɗaki nake faɗa musu, ni da su kaɗai, da murya ƙasa ƙasa.

Kun sha tambayata ko da za a maimaita zan sake yin haka. Zan sake, kuma na san abin da zai ci. Tsohuwa ta rasa ɗan da ta raina da sana'ar da ake girmama ta da ita a safiya ɗaya, yaro ya rasa uwar da ya sani, ni na samu ɗa mai rai wanda bai taɓa zama a cinyata don ransa ya so ba. Kalmar da kuke son ya kira ni da ita ya riga ya bai wa wata tun bai iya tafiya ba, kuma tana kabari a wajen Dodoru, inda yake zuwa duk shekara bai gaya muku ba. Saboda haka ku ƙyale yayanku ya kira ni yadda ya saba. Ni in ya shigo ya ce Malama ina kwana, ba sunan nake saurare ba, numfashin nake saurare.